Yadda ake sabunta lissafin "titin nan zai samar da aiki dubu kaza"

Duk sanda gwamnati ta ware kuɗin titi, kafin ma katafila ta iso wurin za ka ji an ce aikin zai samar wa mutum dubu kaza abin yi. Wannan lambar ba daga sama take faɗowa ba, akwai wani ma'aunin lissafi da ake zuba masa kuɗi ta nan ya fito da yawan ayyuka ta can, kuma matsalarsa ɗaya ce, yana riga titin kansa tsufa. In kai ɗalibin tattalin arziki ne ko ma'aikacin sashen tsare-tsare ko ɗan jarida da ke son gane inda lambar ta fito, toh ga yadda ake buɗe ma'aunin a gyara shi. Da Amurka zan yi misali, dan su ne suka daɗe suna wannan lissafin a fili kuma lambobinsu sun yi ta canzawa kowa yana gani.

Hukumar manyan titunan tarayyar Amurka, FHWA, ta yi shekaru tana aiki da wani ma'auni mai suna JOBMOD wanda masana a jami'ar Boston suka haɗa mata. Akwai lokacin da lambar da ke bakin kowane ɗan majalisa ita ce ayyuka 47,500 kan kowace dala biliyan 1 ta tarayya, har da kason da jiha ke ɗorawa a kai. Da aka sabunta a 2007 sai ta sauko 34,779 in an haɗa da kason jiha, in kuma biliyan 1 ɗin ce zalla kusan 27,800. Ana zuwa 2011 majalisar masu ba shugaban ƙasa shawara kan tattalin arziki ta ce a'a, 13,000 ne. Ka duba fa, ƙasa ɗaya, titi ɗaya, kwalta ɗaya, amma daga dubu arba'in da wani abu an dawo dubu goma sha uku. Wani ɓangare na faɗuwar nan tsadar kaya ce, wani ɓangaren kuma canjin hanyar lissafi ne gaba ɗaya, kuma duk wanda zai sabunta ma'auni dole ya iya raba biyun.

Fara da sanin me kake ƙirgawa

Nan ne mutane suka fi zamewa, tun kafin a taɓa kwamfuta. Aikin titi ba aikin ofis bane da mutum zai zauna shekara talatin. Mai zuba kankare zai zo ya yi sati shida ya tafi, mai fentin layi kwana goma ma ya ishe shi, direban tifa yau yana wannan aikin gobe yana wancan. In ka ƙirga kawuna za ka samu lamba mai daɗin faɗa a taron manema labarai amma ba ta da ma'ana. Abin da ake ƙirgawa shi ne aikin mutum ɗaya na shekara ɗaya cur, awa 40 a sati sau sati 52, wato awa 2,080. A ƙaddara ka buɗe takardun albashin wani aiki ka tarar da sunaye 300, amma da ka tara awanninsu duka sai ka samu 104,000, raba da 2,080 zai ba ka 50. Toh aikin shekara 50 ke nan, ba 300 ba. Haka kuma in aikin zai ɗau shekara biyar kuma jimillar ta ba ka 500, ma'anarsa mutum 100 ne ke aiki a kowace shekara, ba wai an ɗauki mutum 500 aiki na dindindin ba. Ka rubuta wannan a shafin farko na rahotonka da manyan baƙi, dan wallahi in ba ka rubuta ba wani zai ɗauki lambar ya kai ta inda ba ka aike ta ba.

Sai ka raba ayyukan gida uku kar ka cakuɗa su. Akwai na kan fili, wato leburori da masu tuƙa gireda da rola da safiyo da injiniyoyi. Akwai na masu kawo kaya, ma'aikatan kamfanin siminti da na rodi da wurin fasa dutse da matatar mai da ke fitar da kwalta da masu dakon kayan. Sannan akwai na uku, waɗanda ke samuwa in waɗancan biyun sun karɓi albashi sun je sun biya haya sun sayi abinci sun kai yaro asibiti. A lissafin 2007 ɗin nan na 27,800, na kan fili wajen 9,500 ne kawai, masu kawo kaya wajen 4,300, ragowar kusan 14,000 duk na kashe albashi ne. Kaga rabin lambar ke nan ya fito daga ɓangaren da ba wanda zai iya zuwa ya nuna maka shi da yatsa, kuma shi ne ɓangaren da ya fi rauni a lissafin. Ni a ganina ko da yaushe a buga ukun daban-daban, mai karatu ya zaɓi iya inda ya yarda.

Farashi, wanda shi ne gyara mafi sauƙi kuma shi aka fi mantawa

Tsohon ma'auni yana ɗauka dala biliyan 1 ta yau za ta sayi kwalta da rodi da awannin lebura daidai da ta shekarar da aka gina shi. Kamar maigidan da har yanzu yake ba da kuɗin cefanen shekara goma baya ne yana jiran tukunya ta cika. FHWA tana da ma'aunin tsadar ginin titi na ƙasa, NHCCI, da take fitarwa duk wata uku daga farashin da 'yan kwangila suka ci aiki da shi, an kafa shi a kan 1 a farkon 2003, kuma bayan tashin gwauron zabin da kaya suka yi daga 2021 ya haura 3. Wato kuɗin da zai shimfiɗa maka mil uku a 2003 da kyar ya yi ɗaya yanzu. Dokar ababen more rayuwa da Biden ya sa wa hannu a Nuwamban 2021 ta ware wa tituna wajen dala biliyan 350 na shekara biyar, amma tsada ta cinye kaso mai yawa kafin a zuba tifa ɗaya ta tsakuwa, dan haka wanda ya ninka kuɗin da lambar 2011 kai tsaye ya yi wa kansa ƙarya.

Yadda za ka yi shi ne, ka mayar da kuɗin yau zuwa darajar kuɗin shekarar da jadawalinka yake, sannan ka zuba shi a ma'aunin. Kar ka yi amfani da ma'aunin hauhawar farashin kayan masarufi, farashin burodi da haya ba ruwansu da farashin kwalta. In son samu ne ma kar ka yi amfani da lamba ɗaya ga komai, kowane kaya da nasa, kwalta tana bin ɗanyen mai, rodi yana bin kasuwar ƙarfe, albashi kuma tafiyarsa daban a hankali yake hawa. Hukumar ƙididdigar ƙwadago, BLS, tana fitar da farashin kayan masana'antu ɗaya bayan ɗaya, a nan za ka samu. Dalilin rarrabawar shi ne in kwalta ta ninka saboda mai ya yi tsada, ƙarin kuɗin nan ba ma'aikata yake ɗauka ba, matatar mai da mutanen da take da su jiya da su za ta yi aiki yau.

Ka fasa kuɗin aikin gida-gida

Wannan shi ne zuciyar aikin kuma nan zan daɗe. Ma'aunin da ya yi lalaci yana ɗaukar kuɗin gaba ɗaya ya jefa a layi guda mai suna gine-gine, alhali layin nan ya haɗa har da masu gina gidaje da shaguna, wanda kayansu da yawan ma'aikatansu ba iri ɗaya bane da na titi. Abin da ya dace shi ne ka ɗauko takardun kwangiloli na gaske, waɗanda aka gama aka biya, ka bi su layi-layi. Nawa ya tafi albashi, nawa kwalta, nawa tsakuwa da yashi, nawa siminti, nawa rodi da ƙarfen gada, nawa man dizal, nawa hayar injina da gyaransu, nawa zanen injiniyoyi, nawa inshora da ribar ɗan kwangila. A da FHWA tana da wani fom mai lamba 47 da ɗan kwangila ke cikewa in ya gama babban aikin tarayya, yana faɗin kayan da ya yi amfani da su da awannin ma'aikata, daga baya aka daina karɓarsa, kuma tun daga nan masu lissafi suka rasa wata babbar rijiya. Amma akwai madadi biyu masu kyau. Na farko ma'aikatun sufuri na jihohi suna ajiye jadawalin tayin 'yan kwangila, kowane abu da adadinsa da farashinsa, da yawa ma suna sa shi a intanet. Na biyu kuma ƙa'idojin dokar Davis-Bacon ta 1931 da dokar Copeland ta 1934 sun wajabta wa duk mai aikin da kuɗin tarayya ke ciki ya miƙa takardar albashi duk sati, sunan ma'aikaci, sana'arsa, awanninsa na kowace rana, da abin da aka biya shi. Ka kalli irin wannan takardar sau ɗaya za ka gane darajarta, layi guda zai nuna maka mai tuƙa rola ya yi awa goma ran Talata, ran Laraba sifili saboda ruwan sama, ran Asabar ya yi obataya. Jihohi da yawa yanzu ta kwamfuta suke karɓa, ke nan ayyukan kan fili ba sai ka yi hasashensu ba, tara su kawai za ka yi. Duk ma'aunin da ke hasashen abin da za a iya ƙirgawa ni dai ban ga uzurinsa ba.

Da ka samu waɗannan, sai ka ware su bisa irin aikin. Sake shimfiɗa kwalta a tsohon titi daban, sabon titi daga daji daban, gada daban, kwalbati da magudanar ruwa daban, fitilu da alamomi da shingen gefen titi daban. Sake shimfiɗa aikin inji da kaya ne, mutane kaɗan ne ke bin injin shimfiɗa da rola suna cin kilomitoci a dare ɗaya. Gada kuwa tana cin hannu sosai, masu ɗaurin rodi, kafintocin katakon zuba kankare, masu walda. In ka ba su lamba ɗaya ka zalunci ɗaya ka yi wa ɗaya kyauta. A ƙalla ka fitar da rukuni biyar ko shida, kowanne da nasa kason albashi da kaya.

Kuɗin diyyar fili kuma ka cire shi gefe. In gwamnati ta biya manomi dan titi ya ratsa gonarsa, dukiya ce ta sauya hannu, ba a ƙera komai ba. Lauyoyi da masu ƙiyasta darajar filin su kam sun yi aiki, nasu ka sa, amma kuɗin filin kansa a'a.

Kar ka manta yanayin aikin kansa ya canza. Gireda yanzu da GPS take aiki, ita ke daidaita ruwan wuƙarta da kanta daga zanen da ke cikin kwamfuta, mutanen da a da ke bi suna kafa turaku suna ja da igiya an rage su. Awon da safiyo da yaransa ke kwashe sati suna yi, jirgi mara matuƙi yana yinsa a wuni. Sassan gada a masana'anta ake zuba su a kawo a ɗora da injin ɗaga kaya, wanda ke nufin aikin ya tashi daga rukunin kan fili ya koma na masu kawo kaya, wataƙila ma a wata jiha. Tsohuwar kwalta da aka kankare ana niƙa ta a mayar cikin sabuwa, a Amurka wajen kashi ɗaya cikin biyar na haɗin kwalta daga tsohuwa yake, ke nan an rage sayen sabon dutse. Duk waɗannan ba sai ka zauna kana ƙiyasta su ɗaya-ɗaya ba, in takardunka na shekara uku zuwa biyar na baya-bayan nan ne, suna ciki da kansu.

Jadawalin saye da sayarwa tsakanin masana'antu

Ayyukan masu kawo kaya ba ka da takardar albashinsu, dan haka nan ne lissafin Wassily Leontief ke shigowa, masanin tattalin arzikin da ya ci kyautar Nobel a 1973 saboda shi. Tunanin mai sauƙi ne. Kamfanin siminti in zai yi siminti na dala ɗari sai ya sayi wuta da gawayin kwal da dutse da sufuri, kamfanin wutar ma sai ya sayi nasa, haka abin ke ta zagayawa yana raguwa har ya ƙare. Jadawalin yana nuna kowace masana'anta nawa take saye daga kowace kan kowace dala da ta samar. Ka kira wannan jadawalin A, ka cire shi daga jadawalin I mai ɗaya-ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa da sifili a sauran gurabe, ka juya sakamakon, a Excel MINVERSE ke yin juyin, sai ka ninka da jerin kuɗin kayanka da MMULT. Abin da ya fito shi ne yawan abin da kowace masana'anta za ta samar saboda titin, sai ka ninka kowanne da yawan ma'aikata kan kowace dala miliyan a wannan masana'antar. In masana'antun sun kai ɗaruruwa gara ka koma harsunan lissafin kwamfuta irin su Python ko R, Excel zai fara nishi.

Ofishin nazarin tattalin arziki na Amurka, BEA, yana fitar da babban jadawali mai cikakken bayani duk shekara biyar, na shekarun da ke ƙarewa da 2 da 7, amma yana makara, na 2017 sai a 2023 ya fito. Dan haka ka ɗauki mafi sabo, ka sabunta yawan ma'aikata da albashi da alkaluman BLS na kwanan nan. Akwai kuma na sayarwa da aka riga aka haɗa, RIMS II na BEA ɗin, IMPLAN wanda asalinsa hukumar gandun daji ce ta ƙirƙire shi, da REMI da ke ƙoƙarin bin sauyin farashi da ƙaurar mutane shekara bayan shekara. Ko wanne ka saya tambayarka ta farko ita ce jadawalin wace shekara ne a cikinsa. Wani ƙaramin tarko kuma, farashin da ɗan kwangila ya biya na tsakuwa ya haɗa da kuɗin tifa da ribar dillali, dole ka ware su ka kai kowanne layinsa, in ba haka ba za ka ba wurin fasa dutse ma'aikatan da a gaskiya direbobi ne.

Sai yoyo. Duk kayan da aka shigo da shi daga waje aikinsa a can aka yi. Amurka tana da dokar da ta tilasta ƙarfen titin tarayya ya zama na gida tun farkon shekarun 1980, dokar 2021 ta faɗaɗa ta zuwa wasu kayan gini, amma ta bar siminti da tsakuwa da yashi a waje, kuma ƙasar tana shigo da siminti daga irin su Turkiyya da Kanada. In kuma lissafin jiha ɗaya kake yi ko ƙaramar hukuma, yoyon ya fi haka yawa, dan duk abin da ya fito daga maƙwabciyar jiha ma waje ne a wurinka. Wani masanin tattalin arziki, Andrew Garin, ya bibiyi kuɗin titunan shirin farfaɗo da tattalin arziki na 2009 gunduma-gunduma, ya ga tasirinsu kan yawan ayyuka a gundumar da aka yi titin kaɗan ne, saboda 'yan kwangila da ma'aikatansu daga wani wuri suke zuwa. Kar ka taɓa ɗaukar lambar ƙasa ka liƙa wa gari.

Abin da jadawalin Leontief bai iya gani ba

Jadawalin yana ɗauka akwai ma'aikata zaune suna jira a kira su, kuma ko nawa ka ɗauka albashi ba zai motsa ba. Wani lokacin gaskiya ne. A Fabrairun 2010 rashin aikin yi tsakanin ma'aikatan gini a Amurka ya haura kashi 27 cikin 100, a irin wannan lokacin wanda ka ɗauka daga gida ka ɗauko shi. Amma a 2022 da 2023 rashin aikin yi a ƙasar baki ɗaya yana wajen kashi 3.5, 'yan kwangila na kukan ba su samun masu tuƙa injina, toh wanda ka ɗauka daga wani aikin ka janye shi, ba sabon aiki ka ƙirƙira ba, farashi kawai ka ƙara ɗagawa. Dan haka sabon ma'auni ya kamata ya zama yana da wurin da za a sa masa halin da kasuwar ƙwadago ke ciki, ya fitar da lamba biyu ko uku, ta lokacin karayar tattalin arziki da ta lokacin da kowa ke da aiki. Kuma ka kula da kalmar da za ka yi amfani da ita, ayyukan da kuɗin ya ɗauki nauyi daban, sababbin ayyukan da ba dan shi ba da babu su daban. FHWA kanta cewa take kuɗin yana tallafar ayyuka kaza.

Haka kuma ka tambayi daga ina kuɗin ya fito. In harajin mai ne, wanda na tarayya yake santi 18.4 kan galan tun 1993, kuɗin daga aljihun direbobi aka cire shi, da sun kashe shi a wani wuri ya samar da nasa ayyukan. In bashi ne tasirin yau ya fi girma amma akwai biya a gaba. Sannan akwai dabarar jihohi, tarayya ta turo kuɗi sai jiha ta janye nata ta kai wani wuri. A kan dala biliyan 27.5 da shirin 2009 ya ba tituna masana sun yi ta ja-in-ja a kan wannan, Bill Dupor ya ce jihohi sun rage nasu, Sylvain Leduc da Daniel Wilson suka ce a'a kuɗin ya ƙara abin da jihohin suka kashe. Tunda masana ma ba su daidaita ba, kai ka sa shi a matsayin maɓallin da mai amfani zai iya murɗawa ya ga yadda lambar ke motsi.

Lokaci ma abin lura ne. Kuɗin titi ba ya fita a shekarar da aka amince da shi, a Amurka kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke fita a shekarar farko, kaso mafi tsoka a ta biyu, sauran ya yi ta bin baya shekaru. Ka shimfiɗa ayyukan bisa yadda ake biya ba bisa ranar da aka sa hannu ba. Su kuma ayyukan da titin zai jawo bayan an gama shi, masana'antu da rumbunan ajiya da gidajen mai, wannan wani lissafi ne daban kar ka tara su da na gini. Wasu masana biyu, Amitabh Chandra da Eric Thompson, sun duba manyan titunan da suka ratsa karkarar Amurka suka ga gundumar da titi ya bi ta samu ƙaruwa, maƙwabtanta kuma sun yi asara, wato wani abin ƙaura ya yi kawai.

Gwada shi da abin da ya riga ya faru

Kafin ka miƙa wa kowa, ka ɗauko wasu ayyukan da aka gama waɗanda ba ka sa su wajen gina ma'aunin ba, ka ba shi kuɗinsu kaɗai ka ga awa nawa zai ce, sai ka kwatanta da takardun albashinsu na gaske. In yana wuce gona da iri a gada yana gazawa a shimfiɗa, ka san inda za ka koma. Ka kuma kwatanta jimillar da yawan ma'aikatan da BLS ke ƙirgawa a rukunin masu ginin titi da gada, in ma'auninka ya ce kuɗin bana ya ɗauki mutanen kan fili fiye da duk waɗanda ke cikin sana'ar, ai ba sai an faɗa maka ba. Wani gwaji mai sauri shi ne ka juya lambar, ka raba kuɗin da yawan ayyukan. Lambar 13,000 tana nufin dala 76,923 kan aikin shekara guda, a 2009 ma dala 92,000 aka yi amfani da ita. In naka ya fito ƙasa da albashin shekara na lebura ɗaya, alhali ba a sayi kwalta ko lita ɗaya ba tukuna, akwai kuskure a wani wuri. Darasin rahotannin shirin farfaɗowar 2009 ma yana da amfani, da aka ce masu karɓar kuɗi su riƙa faɗin ayyukan da suka ƙirƙira ko suka ceto kowa ya ƙirga yadda ya ga dama, sai da ofishin kasafin kuɗi na fadar White House ya canza ƙa'ida a Disambar shekarar ya ce awannin da aka biya da kuɗin kawai za a tara.

In kuma a Najeriya ko Nijar kake son yin irin wannan, hanyar za ka ara, lambar ka bar musu abarsu. Albashi a nan ƙasa yake sosai dan haka kuɗi ɗaya yana ɗaukar hannaye da yawa a kan fili, amma yoyon ya fi girma, injina da kayan gyaransu da mafi yawan kwalta daga waje suke, siminti ne dai ake yi a gida a irin su Obajana da Kalambaina da Malbaza. Titin kankare da titin kwalta ke nan ba za su ba ka lamba ɗaya ba. Canjin kuɗi ma dole ya samu layinsa, naira ta tashi daga wajen 460 kan dala kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, duk jadawalin da aka yi kafin nan kason kayan waje a cikinsa ya tsufa. Ga kuma masu aikin yini da ake biya a hannu, da masu lodin yashi a bakin kogi, da matan da ke kai abinci wurin aiki, waɗanda ba su cikin kowace takardar albashi, su sai ka je da kanka ka zauna da foman ka duba littafin da yake kiran suna da safe, ka tara kwanakin aiki ka mayar da su shekara. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, da cibiyar binciken manufofin abinci ta duniya, IFPRI, sun yi aiki a kan jadawalin masana'antun Najeriya, ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO ma tana da tsarin auna ayyukan da gine-gine ke samarwa a ƙasashe masu tasowa, daga nan za ka fara.

Ta fuskar kulawa kuma, farashi da albashi a sabunta su duk shekara, kason kaya da awanni duk shekara biyu ko uku daga sababbin kwangiloli, jadawalin masana'antu kuma duk sanda sabo ya fito. Kowace lamba da ta fita daga ofishinka ta tafi da shekarar kuɗinta, da irin aikin, da yankin da ta shafa, da ko an haɗa na kashe albashi ko ba a haɗa ba, sannan ka sa fayil ɗin lissafin a inda wani zai iya saukewa ya bi layi-layi ya kama ka in ka yi kuskure.